Na sayi Boxer na hannu, bakanike ya ce sai an sauke inji

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara ce ta kawo ni. Yau kwana tara da na sayi mashin Boxer na hannu a nan Zariya, ta hannun dillali. Mai shi ya ce acaɓa ya yi da shi shekara uku. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota zuwa makarantar da nake koyarwa yake neman fin ƙarfina, shi ne na ɗauki adashi na haɗa da kuɗin rago biyu na saya. Ranar gwaji kik ɗaya ya tashi. Washegari da asuba sai da na yi kik ya fi ashirin, na jiƙe da gumi cikin wannan sanyin. In ya tashi kuma, da na saki totur sai ya mutu. Jiya a Kwangila ya mutu mini a tsakiyar titi, mai tirela na ta danna mini ham. Cen yana ƙara kwaram-kwaram, birkin baya yana kuka kuma sai na taka shi har ƙasa, ƙwan fitila ya ƙone sau biyu. Na kai wa wani bakanike a layinmu, ya kara kunne kawai ya ce ringi ya tafi, sai an sauke inji. Kuɗin da ya yanka mini ba ni da su. Me kuka gani?

Bakanon Asali: Wa alaikumus salam. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Allah sarki Bazazzagi, an sayar maka da kwangiri an ce mashin ne. Nawa ka ba su?

Ɗan Tudun Wada: Ciniki ya riga ya faɗa, Bakano. In na faɗi kuɗin ba za ka bar ni na yi barci ba yau.

Baba Mai Sifana: Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ya tsare sharrin ƙarfe. Malam, kafin kowa ya taɓa maka noti ɗaya, amsa mini uku. Yana hayaƙi? In yana yi, wane launi? Na biyu, tun da ka saya baƙin mai ya ragu a geji? Na uku, in ka taka kik a hankali da ƙafa, kana jin ya turje a wani wuri, ko sululu yake wucewa?

Ɗan Tudun Wada: Allah ya ƙara girma, Baba. Hayaƙi yana ɗan yi, baƙi-baƙi, in na ja totur da ƙarfi. Baƙin mai ban duba ba, gaskiya ban ma san inda gejin yake ba sai yanzu da na tambayi maƙwabcina. Kik yana ɗan turjewa amma ba sosai ba.

Baba Mai Sifana: To ajiye maganar sauke inji tukuna. Ringi in ya tafi baƙin mai ne ke haurawa sama yana ƙonewa, hayaƙinsa shuɗi-shuɗi ne, yana da ƙauri, kuma za ka ga bakin salansa da danshin mai. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Wannan ba ciwon cikin inji ba ne, ciwon maƙogwaro ne. Gobe da safe kwance fulogi ka ɗauko mana hotonsa.

Sarkin Gudu: Malam kar ka wahalar da kanka. Cire soson iska ka jefar, mashin zai sha iska ya buɗe. Ni nawa haka na yi, yanzu ko Jincheng ba ta ganin ƙurata. Birki kuma ɗiga masa baƙin mai kaɗan, kukan zai tsaya.

Baba Mai Sifana: Kai yaro, ji tsoron Allah. Mai a cikin birki? Kukan zai tsaya, mashin ɗin ne ba zai tsaya ba. Malam, kar ka kuskura. Shu, wato takalmin birkin da ke kama taya, in ya sha mai ya tashi daga aiki, sai dai a canza.

Maman Hanif: Innalillahi. Wannan shawara ce ko neman a yi wa mutum takaba?

Injiniya Ƙarami: Sarkin Gudu, maganar soson ma ba daidai ba ce, balle a hunturu. Ƙurar da kake sharewa a kan kujera da safe, ita ce injin zai riƙa haɗiya. Tana haɗuwa da baƙin mai ta zama kamar sanfefa, ta cinye ringi da bulok. Wato ciwon da Malam ke gudu, kai ne za ka kai shi gare shi da hannunka.

Sarkin Gudu: Wata takwas ina hawa ba soso, ba abin da ya same ni.

Bakanon Asali: Kai ba abin da ya same ka. Mashin ɗin muke tambaya.

Bakaniken Bakin Kasuwa: Ni fa abin da ke ba ni haushi da wannan zaure ke nan. Mutum ya kai wa mai sana'a, an gaya masa ciwo, sai ya zo waya a ce masa ƙarya ne. Wanda ya ga mashin da idonsa da wanda ke zaune a ɗaki, wa ya fi sani? Kullum ana kawo mana mashin a buhu, mai shi ya kwance ya kasa mayarwa, sifirin ya ɓata, zaren noti ya cinye, sannan a ce mu yi sauƙi. Gyaran gangar Auzinawa. Malam, kai alli ka iya, bar wa masu sifana sifanarsu.

Baba Mai Sifana: Oga, ni ma sifanar ce ta ci da ni, tun zamanin da Honda CG 125 ke sabon yayi nake cikin baƙin mai. Ban ce abokin sana'armu ya yi ƙarya ba. Cewa na yi bai duba ba. Bai kwance fulogi ba, bai buɗe iyakilina, wato gidan soson iska, ba, bai zare geji ba. Kunne kawai ya kara. Mai yiwuwa ne ƙarshenta a sauke injin, amma ba daga nan ake farawa ba. Likita ba ya fara yanka mutum don ya zo da tari.

Bakaniken Bakin Kasuwa: Mashin ɗin acaɓa na shekara uku, Baba? Ai ko ba a duba ba an san ringi ya gaji.

Baba Mai Sifana: Gajiya daban, mutuwa daban. Ni ma na gaji, ga ni ina rubutu.

Alhaji Dillali: Tun da an fara jifan dillalai da ido, bari in yi magana. Malam, ƙarfe nawa ka gwada mashin ɗin?

Ɗan Tudun Wada: Bayan la'asar, Alhaji.

Alhaji Dillali: Ka taɓa injin kafin ka yi kik?

Ɗan Tudun Wada: A'a.

Alhaji Dillali: To da ka taɓa da ka ji shi da ɗumi. Ba zan ɓoye ba, duk mai sayar da mashin yana ɗumama shi kafin mai saye ya iso. Mai wayo da sassafe yake zuwa, ya ce kar a tayar sai a gabansa. Ya wuce, sai gaba. Amma ga abin da ya fi ƙarar cen muhimmanci: an ba ka rasit na asali? Ka duba lambar inji da lambar bodi sun yi daidai da na takarda? Kun rubuta yarjejeniya da shaidu? In mashin na sata ne, komai kyan tashinsa a hannunka za a kama shi.

Ɗan Tudun Wada: An ba ni rasit, mun yi rubutu da shaidu biyu. Lambobin ne ban gwada ba. Yanzu na fita da tocilan na duba, ta wuyan mashin da ta jikin inji duk sun yi daidai, alhamdu lillahi.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan buji muke ce ma fulogi, kar ku ruɗe. Malam, cok fa, ɗan hannun nan da ke rage iska don inji ya tashi cikin sanyi? Ban ji kowa ya tambaye ka ba. Mashin mai kafireto lokacin ɗari sai da cok. Ka ja shi, kar ka murɗa totur, ka yi kik. In ya tashi ka ba shi minti guda ko biyu sannan ka maida cok wurinshi. Ƴan kabu-kabu da yawa suna mantawa da shi a jaye, su wuni suna yawo, mai na zuba kamar an huda tanki, buji ya yi baƙi.

Ɗan Tudun Wada: Wallahi ɗan'uwa kunya ta kama ni. Ban san ma wane gefe ne buɗe wane ne rufe ba. Yadda na same shi haka na bar shi.

*Laraba da safe*

Ɗan Tudun Wada: Ga hoton fulogi. Baƙi ƙirin, amma a bushe, kamar gindin tukunya. Na kuma buɗe murfin gefe na ciro soson. Jama'a, ba soso ba ne, tubali ne. Da na buga shi a bango ƙasa ce ta zubo. Baƙin mai kuma yana ƙasan layi kaɗan, ya yi kauri kamar kwalta. Cok ɗin ashe rabi yake a jaye.

Baba Mai Sifana: Madalla. Baƙi a bushe, fetur ne. Da ringi ne da ka ga shi jiƙe yana maiƙo. Mai lafiya kalar ƙasa-ƙasa yake, kamar shayi da madara. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan inji na ɗaukar zafi, wannan ma ba alheri ba ne. Yanzu ga aikinka, kuma bi shi ɗaya bayan ɗaya. Maida cok. Soson, in bai fara marmashewa ba, wanke shi da kananzir, matse shi a tafin hannu, kar ka murɗe shi kamar wanki, zai yage. Ya bushe a inuwa, ka ɗiga masa sabon baƙin mai kaɗan ka mutstsuka ya game, ka matse rarar. Man ne ke kama ƙura, ba soson ba. In ya fara marmashewa sayi sabo, ba shi da tsada. Sa sabon fulogi. Fara ɗaura shi da yatsu har ya zauna sannan ka sa sifana ka ɗan ƙara. Kan injin alminiyam ne, in ka shigar da shi a karkace ka cinye zaren, ka sayi aiki. Daga nan tsaya. Kar ka taɓa kafireto yau. Kwana, gobe da asuba ka yi kik ka ƙirga.

Injiniya Ƙarami: Ƙari kan na Baba: tazarar bakin fulogi kusan 0.7 na milimita ce. Kuma a kula, akwai jabu da yawa a kasuwa cikin kwali mai kyau. Je da tsohon, lambar da ke jikinsa ita za ka nema, don tsawon zaren ya bambanta. In ka sa wanda ya fi tsawo zai iya taɓa fistin.

Sarkin Gudu: Me ya sa ba zai yi duka a rana ɗaya ya huta ba? Wannan ai ɓata lokaci ne.

Baba Mai Sifana: In ya taɓa abu biyar mashin ya gyaru, wanne ne ya gyara shi? In ya ƙara lalacewa, wanne ne ya ɓata shi? Gobe in ciwon ya dawo sai ya sake sayen biyar ɗin.

Maman Hanif: Malam, ni roba-roba nake hawa zuwa asibiti, shekara shida. Irin wannan mutuwar da an saki totur ta taɓa wahalar da ni wata guda. Ashe ruwa ne a cikin mai. Lokacin wahalar mai na riƙa saye a galan a bakin titi. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya, ranar da ka juya makunni zuwa rizab ranar zai sauko. Akwai ɗan sukuru a ƙasan kofin kafireto, ka rufe mai, ka tara farar roba a bakin tiyon, ka sassauta shi. In da ruwa za ka gan shi ya dunƙule a ƙasa kamar ƙwai. Wannan ba sai an kwance komai ba, ni da kaina nake yi.

Bakanon Asali: Hajiya ta fi Bazazzagi sanin mashin. A rubuta wannan a ajiye.

Maman Hanif: Na fi ka kai ma, da tun jiya ba abin da ka kawo sai baki.

Baba Mai Sifana: Hajiya ta yi gaskiya, sa wannan a aikin gobe. Juyen baƙin mai kuma yi shi yau, wannan ba ya jira. Inji da ɗumi, a kan babban jak.

Sarkin Gudu: Akwai ragowar man mota a gidanmu mai tsada, irin na zamani. Shi nake zubawa.

Injiniya Ƙarami: Ba tsada ce magana ba. A irin wannan mashin, mai ɗaya ne ke wanke inji da giya da kuloci, farantan kuloci a cikin man suke iyo. Wasu mayukan mota an sa musu sinadarin ƙara santsi, sai kuloci ya fara zamewa: ka ja totur inji ya yi ihu mashin bai ƙara gudu ba. Malam, nemi 20W50 na babur, in ka ga an rubuta JASO MA a jikin robar to na irin kulocinka ne. Wajen lita ɗaya yake sha, amma geji ne alƙali, kar ka wuce layin sama. Kuma sayi mai hatimi, ban da na awo a kwalba.

*Alhamis*

Ɗan Tudun Wada: Rahoto. Yau kik bakwai da cok, jiya ashirin da wani abu. Baƙin hayaƙin ya ɗauke. Na yi abin da Hajiya ta ce, ruwa ya fito kusan cokali guda, da wani jan gari kamar tsatsa. Amma har yanzu in na saki totur yana mutuwa, sai dai ba nan take ba. Sannan in faɗi laifina da kaina: tun jiya da na yi juye baƙin mai ke ɗiga ta ƙasa. Na ƙara ɗaure notin, bai daina ba. Uwargida ta ce in fitar mata da shi daga tsakar gida.

Bakaniken Bakin Kasuwa: Kun gani ko? Me na ce? Ya cinye zare. Garin neman gira an rasa ido. Yanzu sai an sake yanka masa zare ko a sa babban noti. Ku ci gaba da koya wa malaman makaranta kanikanci.

Baba Mai Sifana: Malam, ajiye sifana, kar ka ƙara ko kaɗan. Da ka kwance notin, akwai washa a jikinsa?

Ɗan Tudun Wada: Wace washa?

Baba Mai Sifana: Je ka tace tsohon man.

Ɗan Tudun Wada: La haula. Ga ta a gindin kwanon, wani ɗan zobe fari.

Baba Mai Sifana: Ita ce ke rufe bakin, ba ƙarfin hannunka ba. Sayi sabuwa, tsohuwar ta riga ta baje. Tara kwano mai tsabta, juye man, sa washa, ɗaure da yatsu. In notin ya shige sumul ya tsaya da kansa, Allah ya rufa asiri. In yana ta juyawa ba ya kamawa, to Oga ya ci gari, sai ka kai masa. Kuma a nan ina bayan Oga: laifina ne da ban gaya maka washar ba. Mu da hannu ya saba, ba ma tuna cewa abin faɗa ne.

Bakaniken Bakin Kasuwa: Yauwa Baba, ko kai fa. Abin da ake koya shekara biyar ana cin ranƙwashi ba a waya yake ba.

Ɗan Tudun Wada: Ya kama, alhamdu lillahi. Na shimfiɗa kwali a ƙasa awa biyu, ko ɗigo.

Ɗan Maraɗi: Jan garin nan da ka gani daga tanki yake. Mai acaɓa lita guda-guda yake sha, tanki kullum wofi, raɓa na taruwa ciki, tsatsa ta kama. Ko an wanke kafireto gobe zai sake toshewa. Akwai ƴar matata ta roba da ake sawa a tsakiyar tiyon mai, ka sa ta, kibiyar jikinta ta kalli kafireto. In tsatsar ta yi yawa a cire tanki, a zuba noti-noti da kananzir a girgiza, a ɗauraye. A yi shi a fili, nesa da murhu da masu sigari.

Injiniya Ƙarami: Mutuwar silo kuma, wato in an saki totur, kusan tabbas ƙaramin jet ne ya toshe, ɗan bututun da mai ke bi a kafireto. Biyu ne a cikin kofin. Babban yana aiki in ka buɗe totur, ƙaramin shi ke riƙe inji in ka saki. Raminsa bai kai kaurin allura ba, ƙwayar tsatsa ɗaya ta ishe shi. Shi ya sa mashin ke gudu lafiya amma ya mutu a tsaye.

Sarkin Gudu: Sai ya ƙara silo kawai, sukuru ɗaya ne.

Baba Mai Sifana: Ƙara silo a kan toshewa kamar ƙara wa rediyo murya ne don batir ya yi sanyi. Zai sha mai, giya ta riƙa shiga da ƙara. Malam, nan ne iyakarka. Kafireto da bawul kai wa mai sana'a. Amma ba za ka je ka ce "duba mini" ba. Ka ce a wanke kafireto, a busa jet da iska, kar a zura masa allura ko waya, in ramin ya faɗaɗa ya lalace har abada. Sannan a duba saitin bawul. Kik ɗin nan da ka ce ba ya turjewa sosai, ina zargin bawul ne ya matse. In ya matse ba ya rufewa ruf, iska na sulalewa, sai mashin ya yi wuyar tashi kamar mai mataccen ringi. Da yawa an sauke musu inji a banza a kan wannan. Sharaɗi: inji ya huce sarai. Kai shi da yamma ya kwana, ko ka tura shi da safe.

Injiniya Ƙarami: Kuma da filageji, Baba, siraran ƙarafan nan na auna tazara. Tazarar a irin waɗannan ƙananan injina wajen 0.05 na milimita ce, siririn gashin kai ke nan. Ba abin da za a auna da ido ba ne.

Bakaniken Bakin Kasuwa: Ɗan boko, ni da yatsa nake saitawa, shekara goma sha biyar, ba wanda ya dawo.

Bakanon Asali: Wataƙila wani wurin suka koma, Oga.

Bakaniken Bakin Kasuwa: Kai Bakano ka kiyaye ni.

Shugaban Zaure: A yi raha amma ban da cin fuska. Oga mutuminmu ne, ya taimaki mutane da yawa a nan.

Baba Mai Sifana: Yatsan Oga na yarda da shi, na yaransa ne ban yarda da shi ba. Yara suna matse bawul don inji ya yi shiru mai mashin ya ji daɗi. Alhali mai ɗan cak-cak ya fi lafiya. Wanda ya yi tsit shi ke ƙonewa.

*Asabar da yamma*

Ɗan Tudun Wada: Jama'a albishirinku. Na kai wa wani dattijo a Sabon Gari, na tura shi tun bakwai na safe, na zauna a kan benci ina kallo. Ƙaramin jet a toshe yake, ya ɗaga mini shi a rana ko haske ba ya wucewa. Bawul ɗaya kuma ko filagejin bai shiga ba. Ya saita, ya sa matatar mai. Yanzu kik yana turjewa har sai na ɗora nauyina. Na tsaya a PZ na saki totur, yana ta bugawa tif-tif-tif shi kaɗai, har na ji kamar in yi masa magana. Duka abin da na kashe tun Laraba bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin sauke injin ba. Na dawo gida da ƙarfin gwiwa na ja cen da kaina, na ɗaure shi tamau. Ƙarar ta tafi, sai dai yanzu wani gurnani nake ji in na ɗauki uwargida.

Baba Mai Sifana: Goro. Amma sauka ka sassauta cen ɗin nan kafin ka sake hawa. Cen ba igiyar shanya ba ce. In an zauna, baya ya nutse, cen ƙara miƙewa yake. Wanda ka ɗaure tamau ba kowa a kai, da mutum biyu sun hau sai ya riƙa jan boris na giya da na taya, ya ci sifaket, wata rana ya tsinke a kan gudu. Sa babban jak. Juya taya a hankali kana taɓa cen ta ramin kwanonsa, za ka ji wani wuri ya fi tauri, tsohon cen ba ya miƙewa daidai. A wurin nan mai taurin za ka auna. Ya riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3. Ajasta biyu ne, dama da hagu, akwai zane-zane a jikin ƙarfen, su tsaya a zane ɗaya, in ba haka ba taya ta karkace. Ka ɗaure notin taya, ka sake aunawa. Ka sa masa mai, ba ka yi masa wanka ba, rarar ƙasa take tarawa.

Maman Hanif: Ya duba haƙoran sifaket ma. In sun yi tsini sun lanƙwasa kamar ƙaho, ja ba zai yi magani ba. Kuma in za a canza a canza duka uku tare, cen da na gaba da na baya. Na taɓa yin rowa na sa sabon cen a kan tsohon sifaket, bai yi wata uku ba.

Bakaniken Bakin Kasuwa: Tun da kun ƙi ji, bari in sa baki kar ku kashe mutum. Malam, duk lokacin da ka matsar da tayar baya, saitin birki ya canza, dole ka sake shi. Notin da ke ƙarshen sandar birki shi ne. Feda ta yi wasa kamar santimita 2 zuwa 3 kafin ta kama, ka juya taya ka tabbata ba ta gogawa. In ka ga notin ya kusa ƙure zaren sandar amma har yanzu feda na nutsewa, shu ya cinye, canza shi, kar ka bari ƙarfe ya fara cin daram. Kukan kuma yawanci ƙura ce da ƙyalli. A goge da tsumma mai danshi, kar a busa da baki, a ɗan bi fuskar shu da sanfefa. Kuma duba fitilar birki tana kamawa bayan saitin.

Ɗan Tudun Wada: Na gode Oga, Allah ya bar zumunci. Notin saura zare uku ya ƙure.

Bakaniken Bakin Kasuwa: To shu ne. Wannan kai wa dattijon, akwai sifirin biyu a ciki da ke cizon yatsa. Kuma ina nan a kan bakata, ringin nan ya gaji. Ku ba shi zuwa damina.

Baba Mai Sifana: Ba musu za mu yi ba, geji zai raba mu. Malam, kowace Juma'a da safe, a kan babban jak, a wuri mai daidai, zare geji ka goge ka mayar ka duba. Rubuta a bayan rajistarka. In wata ya zagayo mai bai sauka ba, Oga zai sayi goro. In ya sauka, ni zan saya, kai kuma ka fara tara kuɗin ringi a hankali.

Bakaniken Bakin Kasuwa: Na yarda. Fari nake ci, Baba, ɗan Shagamu.

Ɗan Tudun Wada: Saura fitila. Ƙwai na uku ke ciki yanzu, ina tsoron fita bayan magariba.

Injiniya Ƙarami: Abu biyu ke kashe ƙwai: wuta ta yi yawa, ko girgiza. Rektifaya ce ke daidaita wutar da ke fitowa daga kwayil. In ta mutu, kana jan totur wuta na hawa, fitila ta yi haske fiye da kima sannan ta ɗauke. Mai gyaran wayarin zai ɗora mita a kan batir: a kashe wajen 12.6, in an ja totur tsakanin 13.5 da 14.5. In ta haura 15 tana ci gaba, rektifaya ce. A duba wutar da ke zuwa soket ɗin fitilar ma, da wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mashin, tsatsa na cin wurin.

Ɗan Maraɗi: Batir ma akwai shi kuwa? Ƴan haya da yawa ba su damu da shi ba tunda kik suke.

Ɗan Tudun Wada: Akwai, amma ham ɗin kamar kukan ɗan akuya yake in mashin na silo.

Baba Mai Sifana: Kafin ka biya kowa, ɗauko ƙonannun ƙwan nan biyu ka duba su a haske. In gilashin ya yi baƙi ko zaren ciki ya narke ya dunƙule, wuta ce. In gilashin garau yake zaren kawai ya katse, mazaunin ƙwan ne ke rawa, sai a matse shi. Turo hotonsu.

Ɗan Tudun Wada: Baba, na tambaya a gida. Ɗaya autana ya fasa shi da dutse, ɗayan ya yi musaya da shi an ba shi alawa.

Bakanon Asali: Yaron ya fi ubansa iya ciniki.

Baba Mai Sifana: To sai mu jira na ukun. In ya ƙone sa shi a aljihu, kar ka shiga da shi gida.